Maigidana Ya Rasu, Ƙwayayenmu Uku Na Asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekara 11 muna tare da maigidana Allah bai ba mu haihuwa ba. Bara muka sayar da filinmu na Arkilla, muka je wani asibiti a Abuja aka yi mana dashen ƙwai. An haɗa ƙwai biyar da maniyyinsa, aka dasa mini biyu cikin bai zauna ba, aka daskarar da uku. Muna shirin komawa Allah ya yi masa rasuwa. Yau kwanana 50 cikin takaba. Hajiyarsa kullum kuka take, wai in je a dasa mini ko ta ga jininsa. Ƙanensa kuwa ya ce kada in kuskura. Asibiti sun ce sai sun duba takardar da ya sa wa hannu. Anti, ni ma ina so. Ya halatta?
Ɗiyarki daga Mabera, Sakkwato

Amsa: Wa'alaikis salam ɗiyata. Allah ya jiƙansa, ya ba ki dangana. Sau uku na karanta wasiƙarki kafin na iya ɗaukar biro, kuma ba zan ɓoye miki ba: amsar da ke wurina ba ita zuciyarki ke jira ba.

Dashen da kuka yi yana raye halal ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Amman a 1986, muddin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta, mahaifa kuma tata. Amma dashe bayan mutuwa, mafi yawan malamai sun hana, domin mutuwa ta warware igiyar aure. Akwai 'yan kaɗan da suka sassauta idan matar tana cikin wata huɗu da kwana goma na takaba, kuma na san wani zai kawo miki wannan magana ya ce ki yi sauri. Kada ki yi. Mace mai kwana 50 da rashin miji ba ta kamata a sa mata agogo a ka ba.

Ki dubi yaron ma. Cikin da ke gado shi ne wanda yake mahaifar uwa ranar da uba ya rasu. Shi ya sa a mazhabarmu ta Malikiyya ake dakatar da rabo har mai ciki ta sauka. Ƙwan da ke cikin tukunyar sanyi a Abuja bai shiga wannan hukunci ba. Ga shi rabonki rubu'i ne idan babu ɗa, tumuni idan akwai, kuma ɗa namiji yana hana 'yan'uwan mamaci gado. Ban ce abin da ke ran ƙanensa ke nan ba. Amma ki hango yaro ya taso a garin nan ana rigima kan sunan ubansa a gaban alƙali, 'yan unguwa na lissafa watannin haihuwarsa. Wannan ya fi tsaya mini a rai.

Batun takarda kuwa, asibiti na da gaskiya. Ƙwan na mutum biyu ne, yardar Hajiya ba ta maye gurbin ta ɗanta. A Ingila ma haka aka yi da Diane Blood: mijinta ya rasu a 1995 bai bar rubutacciyar yarda ba, hukuma ta hana ta amfani da maniyyinsa, sai da ta yi shari'a kafin aka bar ta ta kai shi Beljiyam. Ki aiki yayanki ko wani amintacce ya karɓo miki kwafin fam ɗin, a duba ko akwai wurin da aka tambayi abin da za a yi idan ɗayanku ya rasu. Ko da ya rubuta ya yarda, asibiti kawai hakan zai wanke, bai canza hukuncin addini ba.

Ƙwayayen fa? Majalisar nan ta ce a Jidda a 1990, wanda ya yi saura a bar shi ba tare da kulawar likita ba har ya ƙare da kansa. Haramun ne kuma a dasa wa wata mace, don haka ki sanar da asibitin a rubuce cewa ba ki yarda a ba kowa ba. Sauran shawarar ki bar ta sai kin fita takaba. A sanyin da suke ciki, digiri 196 ƙasa da sifiri, 'yan watanni ba sa canza komai. Hajiya kuwa kada ki yi musu da ita. Ki nemi malamin da take jin maganarsa ya zo gida ya yi muku bayani tare, ƙanen nan ma yana zaune.