Tambaya da Amsa: Albashi, haraji da sauyin yanayi a wajen 'yan majalisar Amurka masu ra'ayin kawo sauyi

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon yawancinsu a kan siyasar Amurka ne, musamman ɓangaren 'yan majalisar da ake kira masu ra'ayin kawo sauyi, irin su Alexandria Ocasio-Cortez da Bernie Sanders. Mun zaɓi shida, mun taƙaita tambayoyin.

Tambaya: Ina yawan jin ana ambaton Ocasio-Cortez da wani shiri wai shi Green New Deal. Shin doka ce? Kuma me ya haɗa talauci da hayaƙin masana'antu har ake cusa su a takarda ɗaya? Daga wani ɗalibin kimiyyar siyasa.

Amsa: Malam, ba doka ba ce, kuma ba ta taɓa zama doka ba. Ƙuduri ne na bayyana manufa, mai shafi 14, wanda Ocasio-Cortez, wakiliyar wani yanki na Bronx da Queens a birnin New York, ta gabatar tare da Sanata Ed Markey na jihar Massachusetts ranar 7 ga Fabrairu, 2019. Irin wannan ƙuduri ko an amince da shi ba ya tilasta wa kowa komai, ba ya kuma fitar da ko dala ɗaya daga baitulmali. Abin da ya nema shi ne a yi gagarumin aiki na shekara goma: a samar da dukkan wutar lantarkin ƙasar daga hanyoyin da ba sa fitar da hayaƙi, a gyara gine-gine don su rage shan makamashi, a kuma tabbatar wa kowa aikin yi da albashin da zai riƙe iyali, da kiwon lafiya, da muhalli.

A ranar 26 ga Maris na shekarar, Mitch McConnell, jagoran 'yan Republican a Majalisar Dattawa, ya kawo ƙudurin gaban majalisa don ya kunyata abokan hamayya. Sanatoci 57 suka ce a'a, babu ko ɗaya da ya ce e, 43 kuma suka amsa cewa suna nan kawai, ba su ɗauki ɓangare ba.

Dalilin haɗa batutuwan biyu kuwa lissafi ne. Mai ƙaramin ƙarfi yana kashe kaso mafi girma na abin da yake samu a kan mai da wuta da ɗumama gida, fiye da mai hali. Duk matakin da zai ƙara kuɗin makamashi, shi zai fara ji a jikinsa, kuma shi ke da yawan ƙuri'a. An ga haka a Faransa a ƙarshen 2018, lokacin da ƙarin harajin mai ya haddasa zanga-zangar masu rigunan ɗorawa har gwamnati ta janye shi. A jihar Washington ma, wadda ake ganin mutanenta sun damu da muhalli, sau biyu masu zaɓe suna watsi da harajin hayaƙi, a 2016 da 2018. Daga nan waɗannan 'yan majalisa suka yanke cewa ba za a sayar wa jama'a maganar yanayi ba sai an haɗa ta da aiki da albashi.

Tambaya: An ce mafi ƙarancin albashi a Amurka bai motsa ba shekara da shekaru. Jam'iyyar Democrat ta riƙe fadar shugaban ƙasa da majalisu biyu a 2021, me ya hana su ƙara shi? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Malama, gaskiya aka faɗa miki. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, tun watan Yulin 2009. Wanda ya yi awa 40 a mako, mako 52 a shekara ba hutu, zai tashi da dala 15,080 kafin a cire haraji. Masu aiki a gidajen abinci da ke samun kyautar kuɗi daga baƙi kuwa, doka ta yarda a biya su dala 2.13 a awa, adadin da yake nan tun 1991, bisa sharaɗin mai gida ya cike giɓin idan kyautar ba ta kai su dala 7.25 ba.

Majalisar Wakilai ta amince da ƙarin zuwa dala 15 a watan Yulin 2019, da ƙuri'a 231 a kan 199. Majalisar Dattawa ce maƙabartar irin waɗannan ƙudurori. Sanatoci 100 ne, amma kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a kan yawancin dokoki sai 60 sun yarda. A 2021 kowane ɓangare na da 50. Ƙofa ɗaya ta rage, wato hanyar daidaita kasafin kuɗi, wadda rinjaye kawai take buƙata. Sai dai wannan hanya tana da sharaɗi: abin da za a saka dole ya shafi kuɗin shiga ko kashe kuɗin gwamnati kai tsaye. A watan Fabrairun 2021 jami'ar da ke fassara ƙa'idojin majalisar, Elizabeth MacDonough, ta yanke cewa albashin da kamfanoni ke biya bai cika wannan sharaɗi ba. Sanata Sanders ya dage ya kawo gyaran ƙarin albashin a ranar 5 ga Maris, ya samu ƙuri'a 42, aka kayar da shi da 58. Takwas daga cikin waɗanda suka ƙi 'yan ɓangarensa ne. Ke nan ko da babu shingen 60, rinjayen ma bai samu ba, abin da magoya baya ba su cika son a tuna musu ba.

Hujjar masu adawa ba ta banza ba ce. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar ya ƙiyasta a 2021 cewa ƙarin zai ɗaga albashin mutum miliyan 17, ya fitar da kimanin 900,000 daga talauci, amma ya jawo asarar guraben aiki wajen miliyan 1.4. Masana tattalin arziki na jayayya kan wannan adadi na ƙarshe har gobe. Dala 15 a Seattle ba daidai take da dala 15 a ƙauyen Mississippi ba, shi ya sa ƙudurorin kan raba ƙarin a kan shekaru da dama, sannan su ɗaure shi da matsakaicin albashin ƙasa don kada ya sake daskarewa.

Tambaya: To a ƙarshe me suka iya samu? Ko surutu ne kawai? Daga wani ɗan kasuwa.

Amsa: Alhaji, sun samu, amma ba a siffar da suka nema ba. Dokar Rage Hauhawar Farashi, wadda Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu ranar 16 ga Agusta, 2022, ta bi ta waccan ƙofa ta kasafin kuɗi, ta wuce da ƙuri'a 51 a kan 50, Mataimakiyar Shugaba Kamala Harris ce ta raba gardama. An ƙiyasta abin da ta ware wa makamashi da yanayi a kan dala biliyan 369. Tun da sharaɗin ƙofar ya hana a saka umarni irin na "a rufe tashar kaza", sai kusan komai ya zo a matsayin rangwamen haraji.

Inda hannun masu ra'ayin kawo sauyi da ƙungiyoyin ƙwadago ya fi fitowa shi ne yadda aka tsara rangwamen manyan ayyuka. Kamfanin da ya gina tashar hasken rana ko ta iska, asalin rangwamensa kashi 6 cikin 100 ne na kuɗin da ya zuba. Idan ya biya leburori da masu sana'a albashin da Ma'aikatar Ƙwadago ta ƙayyade wa yankin, ya kuma ba masu koyon sana'a wani kaso na awannin aikin, sai a ninka rangwamen sau biyar ya zama kashi 30. A aikin dala miliyan 100, bambancin dala miliyan 24 ne. Ba a tilasta wa kowa ba, amma babu ɗan kwangilar da zai bar wannan a ƙasa. Akwai ƙarin maki 10 a kan kason rangwamen ga wanda ya yi aikin a yankin da aka rufe mahaƙar kwal ko tashar wutar kwal, da wani ƙarin ga mai amfani da ƙarfe da kayan da aka ƙera a Amurka. An kuma buɗe wa hukumomin da ba sa biyan haraji, kamar ƙananan hukumomi da makarantu da wuraren ibada, damar karɓar kuɗin a hannu.

A ɓangaren magidanta ne tsarin ya yi rauni. Wanda ya kafa farantan sola na dala 20,000 a rufinsa kafin ƙarshen 2025 yana da rangwamen dala 6,000. Amma ragi ne daga harajin da ake bin mutum. Idan harajinsa na shekarar dala 1,500 ne, iyakar abin da zai mora ke nan a wannan shekara, sauran sai ya jira shekaru masu zuwa. Kuma sai ya fara nemo dala 20,000 ɗin, sai kuma rufin nasa ne. Ɗan haya ba ya ciki. Haka rangwamen dala 7,500 na sabuwar mota mai lantarki, da dala 4,000 na ta hannu: da farko sai lokacin cike takardar haraji ake samu, sai daga Janairun 2024 aka yarda dillali ya cire shi daga farashi nan take. Wannan ɗan gyara ya fi amfanar mai ƙaramin ƙarfi fiye da jawabai da yawa.

Matsala ta biyu ba ta kuɗi ba ce. Tashar da aka gina sai an jona ta da babban layin wuta, kuma layin neman izinin jonawar ya yi tsawo ƙwarai: a ƙarshen 2023 ayyukan da ke jira sun kai kusan gigawat 2,600, fiye da ƙarfin duk tashoshin da ke aiki a ƙasar, kuma galibinsu kan mutu kafin a kai ga gini. A nan masu ra'ayin kawo sauyi kansu a rabe yake, don sauƙaƙa ba da izini ga layukan wuta kan zo tare da sauƙaƙa shi ga bututun mai da gas.

Tambaya: Da gaske ne Ocasio-Cortez ta ce a ƙwace kashi 70 na dukiyar masu kuɗi? Daga wani akanta.

Amsa: A'a, Malam. Abin da ta ambata a Janairun 2019 haraji ne na kashi 70 a kan abin da ya haura dala miliyan 10 na kuɗin shigar mutum a shekara. Wanda ya samu miliyan 11, miliyan ɗaya ta saman ce kaɗai za ta sha wannan kaso, miliyan 10 na ƙasa su bi matakan da aka saba. Amurka ta taɓa yin fiye da haka: matakin ƙoli ya kai kashi 91 a shekarun 1950, ya tsaya a 70 har zuwa 1981.

Harajin dukiya dabam ne, kuma Sanata Elizabeth Warren ce ta fi tallata shi a 2019: kashi 2 a shekara kan dukiyar da ta haura dala miliyan 50, kashi 3 kan wadda ta haura biliyan ɗaya. Yana da cikas biyu. Hannun jarin da ake cinikinsa a kasuwa an san farashinsa kullum, amma kamfanin iyali ko zane mai tsada ko fili, wa zai yi musu kuɗi duk shekara ba tare da an ƙare a kotu ba? Sannan tsarin mulkin ƙasar ya ce harajin kai tsaye sai an raba shi tsakanin jihohi bisa yawan jama'a, kuma lauyoyi sun saɓa kan ko wannan haraji zai tsallake.

Abin da ya shiga dokar 2022 ya fi wannan sauƙi: mafi ƙarancin haraji na kashi 15 kan kamfanonin da ribar da suke nuna wa masu hannun jari ta haura dala biliyan ɗaya a shekara, da kashi 1 kan kuɗin da kamfani ya kashe wajen sake sayen hannun jarinsa.

Tambaya: Masu haƙar kwal fa, ina za a kai su? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, yawansu yanzu bai wuce dubu arba'in da 'yan kai ba, kuma arhar iskar gas da injuna ne suka fi cinye ayyukansu, tun kafin dokokin yanayi. Amma a tattare suke a wurare kamar West Virginia da Wyoming, inda mahaƙa ɗaya ke riƙe da harajin makarantun gunduma. Ban da ƙarin maki 10 da muka ambata, dokar 2022 ta mayar da harajin da ke ciyar da asusun masu ciwon huhu na ƙurar kwal ya zama na dindindin, dala 1.10 kan kowane tan da aka haƙo a ƙarƙashin ƙasa, santi 55 kan na sarari. Abin da ba a warware ba shi ne aikin kafa sola na 'yan watanni ne, kuma tashar da aka gama mutane ƙalilan take buƙata.

Tambaya: Da dawowar Donald Trump, me ya rage daga duk wannan? Daga wani mai bibiyar labaran ƙetare.

Amsa: An rushe da yawa, Malam, kuma ta ƙofar da aka shigo da su. A ranar 20 ga Janairu, 2025 Trump ya ba da umarnin sake ficewa daga yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi, ya kuma soke tsarin Biden na kai kashi 40 na amfanin wasu shirye-shiryen tarayya ga unguwannin da aka bari a baya, don dama umarnin shugaban ƙasa ne, ba doka ba. Babbar dokar haraji da ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ita ma ta wuce Majalisar Dattawa da 51 a kan 50, wannan karon Mataimakin Shugaba JD Vance ne ya raba gardama. Ta kawo ƙarshen rangwamen motocin lantarki bayan 30 ga Satumba, 2025, da na solar gidaje a ƙarshen shekarar. Manyan tashoshin iska da rana kuma sai sun fara gini kafin farkon Yulin 2026, ko su fara aiki kafin ƙarshen 2027, sannan su samu rangwamen.

Shi ya sa hankalin wannan ɓangare ya fi karkata ga jihohi. Jihohi 30 da babban birnin tarayya suna da mafi ƙarancin albashi sama da dala 7.25, wasu ma ta ƙuri'ar jama'a kai tsaye aka yi, har a jihohin da 'yan Republican ke lashewa, kamar Florida a 2020 da Nebraska a 2022. Dokar yanayi ta jihar New York ta 2019 ta sa burin samun kashi 70 na lantarki daga hanyoyin da ake sabuntawa nan da 2030, da lantarki marar hayaƙi gaba ɗaya nan da 2040, ta kuma wajabta aƙalla kashi 35 na amfanin kuɗin da aka zuba ya je ga unguwannin marasa galihu. Hukumomin jihar da kansu sun amsa cewa da wuya a cim ma burin 2030 a kan lokaci, saboda tsadar kayan aiki da soke wasu kwangilolin tashoshin iska na cikin teku.