Sunayen abokanka na dā amana ne a hannunka

Wasiƙar da zan amsa yau ta fito ne daga wani matashi da ya tashi a Abuja, wanda yanzu yake Ingila yana jiran ranar da ma'aikatar cikin gida za ta yi masa tambayoyi kan mafakar da ya nema. Ya ce a shekarunsa na Abuja ya yi zama cikin masu harka, wato maza masu neman maza, kuma wannan ne dalilin da ya gabatar wa hukuma. Wani dillali ɗan ƙasarmu da ya karɓi kuɗinsa ya ce masa ba zai yi nasara ba sai ya kawo cikakkun sunayen abokansa na dā, da hotunansu, da hirarsu ta WhatsApp. A gida kuma labari ya kai kunnen kawunsa, wanda ya ce ba zai sasanta shi da mahaifiyarsa ba sai ya faɗi waɗanda suka lalata shi. Ɗaya daga cikin abokan nan nasa ya yi aure, yana zaune a Kubwa da 'ya'ya biyu.

Ƙanena, ba ka tambaye ni hukuncin rayuwar da ka yi ba, don haka zan tsaya kan abin da ka tambaya. Kada ka ba dillali sunayen nan, kada ka ba kawunka.

Kai ka san abin da suna ɗaya yake iya jawowa a nan, amma nisa yana sa mutum ya manta da zafin abin da ya baro. Dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga mai shiga ƙungiya ko taron masu harka ko mai goya musu baya. A watan ne aka yi kame a Bauci, inda rahotanni suka nuna cewa daga bakin waɗanda aka fara kamawa aka tattara sunayen sauran, har jama'a suka yi wa kotu ruwan duwatsu ranar shari'a. A watan Fabrairu kuma, a Gishiri, nan cikin Abuja, wasu gungun mutane suka bi ɗakuna cikin dare suna fito da samari suna dukansu. Ko da magana ba ta kai ga kotu ba, akwai masu kito, waɗanda sana'arsu ita ce su riƙe hoton mutum su yi ta tatsarsa. Mutumin Kubwa bai nemi mafaka a ko'ina ba, ba shi da lauya, kuma duk abin da ya fito daga wayarka a kansa zai sauka, shi da matarsa da yaran da ba su san hawa ba balle sauka.

Dillalinka ƙarya ya yi maka. A Ingila laifi ne mutum ya riƙa ba da shawara kan shige da fice don kuɗi ba tare da rajista ba, tun dokar 1999, kuma kana iya duba sunansa a rajistar hukumar da ke sa ido kan masu wannan aiki ko ta lauyoyi. Tun Disamban 2014 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ba a karɓar hoto ko bidiyon kwanciya a matsayin hujja, ƙa'idar ma'aikatar cikin gida ta Ingila ma ta hana jami'anta karɓar irinsu. Abin da ake aunawa shi ne labarinka da bakinka: yadda ka fahimci kanka, da abin da ya same ka, da dalilin tsoronka, da ko maganarka ta jiya ta yi daidai da ta yau.

Na ga inda irin wannan dillali ya tara hotunan mutanen da ke gida daga hannun wani yaro, ya saka su cikin fayil ɗin wani abokin cinikinsa daban a matsayin tsofaffin masoyansa. Jami'i ya gano, aka ƙi su duka biyun, hotunan kuma suka ci gaba da zama a wayar dillali. Na ga kuma wanda, da suka saɓa kan cikon kuɗi, ya yi barazanar tura komai ga dangin yaron. Idan ka riga ka ba naka wani abu, ka sanar da lauya nan take. Masu neman mafaka da ba su da hali suna da damar samun lauya da kuɗin gwamnati.

Ba zan ɓoye maka ba, mai yiwuwa ne a tambaye ka waɗanda ka yi tarayya da su, kuma yin shiru ba tare da bayani ba yana iya rage wa maganarka ƙarfi. Ka zauna da lauyanka kafin ranar, ku tsara yadda za ka ba da labarin da sunan farko kawai ko da harafi, ka kuma faɗa wa jami'i a fili cewa tsoron abin da zai sami mutanen ne ya sa. Kada ka ƙirƙiri sunan ƙarya ka gabatar da shi a matsayin na gaskiya, domin ƙarya ɗaya tana iya rusa duk abin da ka faɗa. Ƙa'idar shige da fice ta hana a kai bayanin mai neman mafaka ga waɗanda yake gudu, kuma idan magana ta kai ga ɗaukaka ƙara, lauya yana iya roƙon alƙali ya sakaya suna. Wasiƙar shaida daga wani abokinka ba ta halatta gare ka ba sai ya yarda da kansa, bayan ya san inda za ta je.

Maganar kawu ta fi yi mini nauyi, domin shi da sunan gyara ya zo, kuma ya riƙe ka ta inda ya san ba ka da ƙarfi, wato mahaifiya. A nan ina tare da kai. Allah Ya hana bin diddigin asirin mutane a cikin Suratul Hujurat, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa masa asiri duniya da lahira. Ya kuma ce idan mutum ya yi maka magana sannan ya waiwaya, to maganar nan amana ce. Abokanka na dā ba su taɓa yi maka magana ba sai sun waiwaya. Kawu ya san cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma bai dace babba ya sa sharaɗi tsakanin ɗa da uwarsa ba, balle sharaɗin ya zama tozarta 'ya'yan wasu. Ka tambayi kanka abin da zai yi da sunayen idan ya samu. Zai je wurin iyayensu ne, ko wurin mai unguwa, ko wurin aikinsu, don a ce laifin daga gidan wasu ya fito. Wannan ba zai goge komai daga zuciyar Hajiya ba.

Ka kira shi da ladabi ka ce, "Kawu, abin da ya shafe ni zan amsa shi da kaina, amma ba zan ambaci kowa ba, ka yi haƙuri." Kada ka yi jayayya, kada kuma ka yi wannan magana ta saƙon murya da za a iya turawa gaba. Kuɗin cefanen da kake aika wa mahaifiyarka kada ka yanke, ko ta ɗauki waya ko ba ta ɗauka ba, sai dai ka daina bi ta hannun kawu, ka tura ta asusunta ko na 'yar'uwarka da ka amince da ita. Hotuna da hirarrakin da ke wayarka kuma, ka nuna wa lauya ya zaɓi abin da shari'arka take buƙata, sauran ka goge su, har da waɗanda suke ajiye a intanet.