Wane Madubin Hangen Nesa Zan Ɗauka Zuwa Tsintar Ƙaho?

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne a garin Laramie da ke jihar Wyoming a Amurka, kuma wannan ce shekarata ta biyu a nan. Abokan karatuna 'yan asalin jihar sun gayyace ni mu fita tsintar ƙahonin da manyan barewar dajin nan suke zubarwa a ƙarshen hunturu, to da na tambaye su abin da zan tanada, sai kowa ya kawo tasa shawarar. Ɗaya ya ce madubin hangen nesa mai ido biyu, mai lamba 8x42, ya ishe ni. Wani ya ce 10x42 ya fi. Na ukun ya rantse cewa in ban riƙe dogon nan mai ido ɗaya da ake girkewa a kan ƙafa uku ba, wahalar banza zan sha, har ya yi alkawarin ara mini nasa. Kuɗin hannuna ba su da yawa, kuma ba na son in sayi abin da zan ajiye a ɗaki. Wanne zan saya, wanne kuma zan ɗauka? Daga mai karatunku a Laramie.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kafin in shiga batun madubi, bari in yi wa masu karatunmu na gida bayani kaɗan, domin na san da yawa za su yi mamakin jin cewa dabba tana zubar da ƙaho ba tare da an yanka ta ba. Ƙahon saniya da na gwanki da na gada da muka sani yana tare da dabbar har mutuwarta. Na dangin barewar ƙasashen sanyi kuwa ƙashi ne zalla mai rassa, wanda namiji yake fitar da sabo kowace shekara, ya yi faɗan neman mata da shi a lokacin kaka, sannan ya faɗi da kansa idan hunturu ya yi nisa. Barewa mai dogon kunne da ke yankinku tana zubar da nata tsakanin Janairu da Maris, babbar da ake kira elk kuma a Maris da Afrilu. Abin ya zama sana'a da nishaɗi a can, har a garin Jackson na jihar Wyoming ana gwanjon ƙaho a dandalin gari kowane watan Mayu, daga abin da yara 'yan sikawut suka taimaka aka tattaro a gandun elk na ƙasa da aka kafa a 1912, kuma ƙofofin dandalin huɗu da ƙahon aka gina su.

Amsata a taƙaice ita ce ka sayi 10x42, ka rataye shi a ƙirji, ka nemi ƙaramar ƙafa uku marar nauyi da za ka riƙa ɗora shi a kai, shi kuwa dogon na aro ka bar shi a cikin mota. Ga dalilaina.

Lambar farko tana nuna sau nawa madubin yake matso da abu, wato da mai lamba 10, abin da ke nisan mita 500 zai bayyana kamar yana mita 50. Lamba ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita, kuma shi ne yake tara haske. Idan ka raba ta biyu da ta farko za ka sami faɗin ɗigon hasken da yake isa idonka, wanda a 8x42 ya ɗan haura milimita 5, a 10x42 kuma milimita 4.2 ne. Maharba suna damuwa ƙwarai da wannan lissafi saboda aikinsu da asuba ne da almuru, lokacin da ƙwayar ido take buɗewa tana neman haske. Kai kuwa ƙaho kake nema, ba ya gudu, ba ya ɓuya idan rana ta ɗaga, kuma da hantsi ƙwayar idonka ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Saboda haka fifikon haske da ake ba mai lamba 8 bai shafe ka sosai ba, kuma babu dalilin da zai sa ka biya kuɗin gilashin gaba mai faɗin milimita 50 don kawai ya fi haske.

Inda mai lamba 8 yake da gaskiya shi ne faɗin fili da nutsuwar hoto. A nisan mita 1,000 yana nuna maka fili mai faɗin kusan mita 130 zuwa 140, alhali mai lamba 10 yakan tsaya a wajen mita 110. Da a ce cikin kurmi za ku shiga, inda ido ba ya wuce mita 100 kuma amfanin madubin bai wuce tantance wani farin abu tsakanin itatuwa ba, da na ce abokinka na farko ya faɗi daidai, har ma ƙaramin 8x32 zai wadatar. Amma ƙasarku buɗaɗɗiya ce, tudu da kwari da gajerun ciyayi masu launin toka, kuma dabbobin suna cinye hunturu ne a gangaren da ke fuskantar kudu, inda rana take fara narkar da dusar ƙanƙara. A irin wannan wuri za ka zauna a wannan tudu ka leƙa wancan, kuma ba cikakken ƙaho kwance a fili za ka gani ba. Tsinin reshe ɗaya ko biyu za ka hanga sun leƙo daga ciyawa, tsawonsu bai wuce yatsa ba a idon mai kallo. A nan ne ƙarin ƙarfin mai lamba 10 yake biyan kuɗinsa.

Yanzu ga abin da nake so ka fi riƙewa, domin shi ne masu sabon shiga suke rainawa. Rawar hannu ta fi ƙarancin ƙarfin madubi ɓoye ƙaho. Duk abin da madubi ya ƙara wa girma sau 10, ya ƙara wa rawar hannunka sau 10, kuma Laramie tana bisa tsayin kusan mita 2,200 daga teku, tsaunukan da ke yammacinta sun fi haka, ga iskar Wyoming da ba sai na ba ka labarinta ba. Mutumin da ya hau tudu yana haki, zuciyarsa tana bugawa, idan ya ɗaga madubi da hannu, manyan abubuwa kawai yake gani. Ka gwada wannan a harabar makaranta kafin ranar fita: ka nemi wani allo mai ƙananan rubutu a nesa, ka karanta shi madubin yana hannunka, sannan ka ɗora madubin a kan katanga ka sake karantawa. Za ka ga layukan da ba ka ma san suna wurin ba. Ƙafa uku mai nauyin kilo 1 ko ɗan fiye, tare da ɗan ƙarfen da ake ɗaura madubin a kanta, tana mayar da 10x42 mai matsakaicin farashi abin da ya fi mai tsada da ke rawa a hannu. In kuɗin bai kai ba, sandar tafiya ma tana taimakawa idan ka kafa ta ka jingina madubin a kanta, ko ka zauna ka dogara gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa.

Kuma idan ka girke shi, kada ka riƙa yawo da shi a kan tudun kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Ka tsayar da hoton wuri ɗaya, ka bar idonka ya zagaya cikinsa daga gefe zuwa gefe, sannan ka ɗan matsa, layi bayan layi, kamar mai bin kunyoyin gona. Ka sa rana a bayanka. Ka fi ba da lokaci ga wuraren kwanciyar dabbobi da bakin shinge da bakin rafi, domin girgizar tsallake takan kakkaɓe ƙahon da ya riga ya yi laushi a gindi. Na bana launin ƙasa-ƙasa ne mai fararen tsini, shi ne mafi daraja kuma mafi wuyar gani. Na bara fari ne tas, yana ƙyalli daga nesa, wanda ya daɗe kuma ya zama kamar alli, ɓeraye da beguwa sun gama gwaguyarsa.

Abokinka mai dogon madubi ma yana da hujja, kuma na san ta da ƙafata. Na taɓa hango wani farin abu mai lanƙwasa a ƙetaren kwari, na tabbatar wa kaina cewa ƙahon elk ne, na gangara na haye na hau, tafiyar kusan minti 40, ina isa na tarar da haƙarƙarin saniya da rana ta gama busarwa. A ranar na tuna cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Da ina da madubin da ke kaiwa ƙarfi 40, da minti ɗaya ya raba gardama. To amfaninsa ke nan, tantance abin da ka riga ka hango, amma bai iya bincike ba, domin filin da yake nunawa ƙanƙane ne, kuma kallo da ido ɗaya na tsawon sa'a yana kawo ciwon kai. Ko da yake yawancinsu an rubuta musu 20 zuwa 60, da zarar rana ta dumama ƙasa kawalwalniya takan tashi, hoton ya riƙa malala kamar ruwa, har ya zamana ƙarfin da ya haura 30 ko 40 ƙarin duhu ne kawai da ƙarin rawa.

Sai kuma nauyi, wanda shi ne ya yanke hukunci a wurina. Madubi 10x42 yana tsakanin giram 700 da 850. Dogon nan kaɗai yakan kai kilo 1.5 zuwa 2, kuma yana bukatar ƙafa uku mai ƙarfi wadda ita ma tana da nata nauyin. Mai tsintar ƙaho yana fita da jaka ba kowa ne don ya dawo da ita cike, kuma ɓari ɗaya na ƙahon babban elk yakan kai kilo 3 ko 4, mai rassa da ke kama kowane reshen itace a hanya. Idan Allah ya ba ka uku a nisan kilomita 8 daga mota, za ka tuna da kowane giram da ka ɗauko da safe. Saboda haka ka karɓi aron, ka yi godiya, ku yi amfani da shi daga bakin hanya wajen zaɓen tudun da za ku hau. In kuma ku huɗu ne, guda ɗaya ya ishi ayarin, a riƙa karɓa-karɓa. Akwai kuma manyan masu ido biyu irin 15x56 da ƙwararrun yankin suke so ƙwarai, nauyinsu wajen kilo 1.2, ba sa amfani sai a kan ƙafa uku, kuma wannan sayayyar wanda ya yi shekaru a harkar ce.

Game da farashi, Swarovski da Zeiss da Leica su ne sarakunan kasuwa, amma ba kuɗin ɗalibi ba ne, kuma Vortex da Leupold da Nikon suna da masu matsakaicin farashi da za su yi maka aikin. Abin da za ka duba shi ne a ce ruwa ba ya shiga, an cika cikinsa da iskar naitirojin ko argon don kada ya yi raɓa daga ciki idan ka fito da shi daga ɗumin mota zuwa sanyi. Ka haɗa da jakar ƙirji mai igiya ta kafaɗu, domin igiyar wuya tana gajiyarwa, madubin da aka cusa a jakar baya kuwa ba a fito da shi sai an riga an wuce ƙahon.

Kada ka fita ba ka duba doka ba. A Wyoming an hana tsintar ƙaho a filayen gwamnati na yammacin jihar da wani ɓangare na kudancinta daga 1 ga Janairu har ƙarshen Afrilu, saboda dabbobin suna fitowa daga hunturu a rame, kuma korar da mutane suke yi musu tana iya kashe su. Tun daga 2024, 'yan jiha suna farawa ranar 1 ga Mayu, waɗanda ba 'yan jiha ba kuma sai 8 ga Mayu, tare da sayen hatimin kiyaye namun daji, saboda haka ka tambayi hukumar namun daji ta jihar a wane rukuni ɗalibi irinka yake, ka kuma karɓi taswirar wuraren da dokar ta shafa. A gandun dajin Yellowstone haramun ne ɗaukar ƙaho a kowane lokaci. In kuma tafiyar ta kai ku arewa maso yammacin jihar, wannan ne lokacin da manyan beyar, wasu namun daji masu haɗari, suke fitowa daga barcin hunturu da yunwa, kuma madubin da ke ƙirjinka shi ne zai nuna maka su tun kwarin yana tsakaninku.

Tambaya: Malam, ina sanye da tabarau na likita, kuma duk madubin da na leƙa sai in ga hoton ya ƙanƙance kamar ina leƙen rijiya. Shin sai na riƙa cire tabaran ne? Daga wata mai karatu a Denver, jihar Kolorado.

Amsa: 'Yar'uwa, ba sai kin cire ba. Bakin madubin da ake kai wa ido yana da zobe na roba da ake murɗawa ya fito ko ya koma, kuma mai tabarau yana mayar da shi ciki ne gaba ɗaya domin idonsa ya matso. In kin yi haka hoton bai cika ba, to tazarar da aka ƙera madubin da ita tsakanin gilashi da ido ta yi miki kaɗan, sai ki nemi wanda aka rubuta masa milimita 16 ko fiye, kuma a nan 8x42 yakan fi 10x42 sauƙin samu. Ki gwada shi a kanti da tabaran da za ki fita da su. In kuma tsintar ƙaho kike nufi, a jiharku an hana yin ta a filayen gwamnati da ke yammacin babbar hanyar I-25 daga 1 ga Janairu zuwa 30 ga Afrilu.