Mujiya a Jikin Ƙwandalar Azurfa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni maƙerin azurfa ne a Daura. Ƙanena ya dawo daga Girka da wata ƙwandala, gefe ɗaya kan mace da kwalkwali, ɗaya gefen mujiya. Me ya kai mujiya jikin kuɗi, tsuntsuwar da mu ke wa kallon mugun abu? Kuma ta yaya zan gane ko ta asali ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka siffanta shi ne tetaradirakma, wato ƙwandalar azurfa mai darajar dirakma huɗu, ta birnin Atina, wadda aka fara bugawa wajen shekara ta 510 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Macen Atena ce, abar bautar mutanen birnin, wadda suke dangantawa da hikima da yaƙi. Mujiya kuwa tsuntsuwarta ce, don haka a wurinsu alamar basira ce da kariya. Duba bayan mujiyar, za ka ga reshen zaitun da ɗan jinjirin wata. Zaitun shi ne kyautar da suka ce Atena ta ba garin, kuma man zaitun na cikin manyan hajojinsu. Haruffa ukun da ke gefe, ΑΘΕ, taƙaitawa ce ta "na mutanen Atina".

Hoton shi ne hatimin gari, shi ke lamunce wa ɗan kasuwa nauyi da tsarkin azurfar, wadda ake haƙowa a ma'adinan Lauriyon. Shi ya sa Atina ta ɗauki ƙarnoni ba ta yi wa zanen wani babban sauyi ba, kamar yadda liyarin Mariya Tereza da iyayenmu suka sani aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinsa ba a sauya ba. Sauran garuruwa ma kowa da nasa: Ajina kunkuru, Korinti doki mai fukafukai, Metafonto zangarniyar sha'ir.

Batun gwaji kuma, fara da sikeli. Ta asali tana kai giram 17.2 ko ƙasa da haka kaɗan saboda gogewa, faɗinta kusan milimita 24, kuma tana da kauri. In ta sauka zuwa giram 14, akwai magana. Sai maganaɗisu: in ya kama ta, jabu ce, amma rashin kamawa ba hujja ba ce, tunda jan ƙarfe da darma ma ba sa kamuwa.

A nan idonka na maƙeri zai fi kowane awo amfani. Ba zubi Girkawa suke yi ba, bugu ne. Ana ɗora curin azurfa a kan hatimin da ke bisa uwar maƙera, a ɗora wani hatimin a sama, a doka da guduma. Saboda haka da wuya ka same ta a kewaye sosai, zanen yakan karkace, baki yakan ɗan tsage. Ta zubi kuwa za ka ga layin haɗi a bakinta, da ƙananan ramukan iska, zanen kuma ya yi laushi. Sara mai zurfi a jikin mujiyar ba aibi ba ne a tarihi. 'Yan canjin da ne suke yi don su ga ko jan ƙarfe aka lulluɓe da azurfa.

Mun fi zaton taka kwaikwayo ce, domin dokar Girka ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, shagunan 'yan yawon buɗe ido kuma kwafi suke sayarwa. Duk da haka, kada ka goge ta da toka ko lemun tsami, kada ka sa mata zarto ko wuta, har sai masani ya duba, don baƙin da ta yi na cikin abin da ake tantance ta da shi.