Hukuncin Sayar da Kayan Tarihi Cikin Dukiyar Gado

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar otal a Kano, wanda ya gada daga kakanmu. Da muka buɗe sito sai muka tarar da kaya jibge: agogunan bango, farantai da cokula na azurfa, tsofaffin kuɗi, mutum-mutumi biyu na tagulla, takobin kaka, Alƙur'ani rubutun hannu, da akwatunan da baƙi suka manta tun da jimawa. Wani dillali ya kawo mai saye daga waje. Babban wanmu ya ce takobi da Alƙur'ani nasa ne tunda shi ne babba, sauran kuma a sayar. Mu mata ba a tuntuɓe mu ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya jiƙan mahaifinku, 'yar'uwa.

Kafin a yi maganar ciniki, sai an san mai kaya. Duk abin da mamaci ya mallaka, daga ginin otal har cokalin shayi, gado ne. Ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba yadda aya ta 11 da ta 12 cikin Suratun Nisa'i suka tsara. Mai otal kuwa da wuya ya rasu ba bashi a kansa: albashin ma'aikata, kuɗin masu kawo cefane, ajiyar da wani baƙo ya bari. Ku fara da wannan.

Maganar wanku ba ta da madafa a shari'a. Al'ada ce kawai ta sa babban ɗa ke ɗauke takobi da alkyabba, kuma al'ada ba ta soke rabon da Allah ya yanka. Idan ya ce mahaifinku ya ba shi kyauta, to a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Abin da aka tarar a kulle cikin sito bai fita daga hannun mamaci ba. In wanku yana son takobin, kuma ban ga laifinsa ba don abin kaka ne, a sa masana su yi masa kuɗi, a cire daga rabonsa. Ko kuma ku bar masa da yardarku, banda kason marayun da ba su balaga ba, domin waliyyinsu ba shi da ikon yin kyauta da dukiyarsu. Sayar da kayan tarayya ba da saninku ba cinikin shisshigi ne, yana tsaye a kan amincewarku.

Agoguna, kujeru da makamantansu halal ne a sayar, ko da tsufansu ne ya ɗaga farashin. Gwanjo ma ya halatta, sai dai an hana a sa wani ya riƙa ƙara kuɗi alhali ba saye zai yi ba, kuma kada a ƙara wa kaya shekarun da ba su kai ba don a burge mai saye.

Azurfa tana da nata sharaɗi. Ci da sha a cikin kwanonta haramun ne, amma ita kanta dukiya ce, ana iya sayar wa maƙeri ya narkar. Dole cinikin ya zama hannu da hannu, ba bashi, ba "kawo rabi gobe", saboda hadisin Ubada ɗan Samit. Liyari na azurfa shi ma haka. Anini da kwabo mai huji na zamanin Turawa kuwa sun daina zama kuɗi tun da jimawa, don haka haja ne, a sayar yadda aka daidaita. A kai farantan wurin maƙerin farfaru tukuna, galibin na otal shafe ne kawai aka yi musu.

Mutum-mutumi: Jabir ya ruwaito, kamar yadda yake a Buhari da Muslim, cewa Annabi (SAW) ya haramta cinikin giya da mushe da alade da gumaka. Surar mai rai da ta cika jiki, tana da inuwa, ban ga halaccin cin kuɗinta ba. Akwai malaman zamani da suka sassauta wajen ajiye irinsu a gidan tarihi don ilimi. In kun bi wannan, ku miƙa su ba da karɓar kuɗi ba.

Alƙur'anin nan shi ya fi damuna. Sayar da mus'hafi ga Musulmi ya halatta a wurin Malikiyya, amma Mukhtasar Khalil, littafin fiƙihun mazhabar, ya fito fili cewa an hana sayar da shi ga wanda ba Musulmi ba. Kun ce mai sayen daga waje yake. Ku bincika ko wane ne, kuma ina zai kai shi. Ni dai shawarata, ku haɗu ku yi waƙafinsa, ladan ya isa ga kakanku. Sannan akwai dokar ƙasa ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi, wadda ta hana cinikin kayan tarihi na gida da fitar da su waje ba da izini ba. Takobin da Alƙur'anin suna iya faɗawa ƙarƙashinta, don haka ku tuntuɓi jami'an hukumar, misali a Gidan Makama, kafin dillali ya ɗauki komai.

Akwatunan baƙi ba gadonku ba ne. Ku duba tsofaffin rajistocin otal, ku nemi masu su ko magadansu, ku yi cigiya shekara guda. In ba a samu kowa ba, a sayar a yi sadaka da kuɗin da niyyar masu kayan, kuma duk ranar da wani ya zo da shaida, sai ya zaɓa tsakanin ladan sadakar da biyan kuɗinsa. Wallahu a'alam.