Fara tana da ƙashi kuwa?

Tambaya: Malam, bayan damina nakan tarar da ɓawon fara maƙale a karan hatsi, da ƙafafu da komai, amma cikinsa wayam. Wani abu ne ya cinye ta? Kuma shin fara tana da ƙashi? Daga wani manomi a Mirya.

Amsa: Sannu da aiki, Malam. Babu abin da ya cinye ta, saɓa ta yi ta tafi abinta. Ƙashi kuma tana da shi, sai dai a waje yake, naman yana ciki. Haka kunama da gizo-gizo da kaska da ƙaguwa suke. Ɓawon nan shi kake ji yana ƙaras-ƙaras a baki in ka sayi soyayyar fara a Kasuwar Dole. An gina shi da wani sinadari mai suna kaitin haɗe da furotin, kuma tsokar da ke cilla fara sama a jikinsa take manne ta ciki. Ya yi kama da sulken mahayan Sarkin Damagaram: tauri inda ake tsoron sara, laushi a gaɓoɓi don a motsa.

Matsalarsa ɗaya, ba ya girma. In jiki ya cika shi, sai fara ta ƙera sabo mai laushi a ƙarƙashi, ta haɗiyi iska ta kumbura, tsohon ya tsage ta baya, ta zare jikinta a hankali. Farar ɗango sau 5 take yin haka cikin wata ɗaya da ƴan kwanaki, a na ƙarshen ne fiffike ke fitowa. Shi ya sa masu yaƙi da fara ke son cim mata tun tana tsalle a ƙasa. Farin kyankyaso da ake gani ma ba wani iri ba ne daban, yanzu ya yi saɓa, cikin ƴan sa'o'i zai yi duhu.

Abin da ya fi burge ni shi ne saman ɓawon. Akwai wani shafe mai maiƙo irin na kakin zuma, siriri ƙwarai, ido ba ya ganinsa. Shi ke tsare ruwan jiki. Ba don shi ba, ƙwaro ba zai kai labari a zafin watan Afrilu na Damagaram ba. Numfashi ma ta ƴan ƙananan ƙofofi yake yi a gefen jiki, yana buɗe su yana rufewa don kada ruwa ya tsere.

Iyayenmu da ke cakuɗa wake da toka kafin ajiya sun san abin da suke yi. Tokar tana cike tsakanin ƙwayoyin, ta kuma goge maiƙon nan a jikin ƙwarin, sai su bushe su mutu. Amma a tankaɗe ta, ta zama busasshiya, kuma a zuba da yawa har ta lulluɓe waken.