Tambaya da Amsa: Wai sai na goge Debian saboda systemd?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da ɗan shagon kwamfuta a nan Daura, muna buga takardu muna yi ma mutane rajista ta intanet, da yamma kuma ina koya ma yara taifin. Akwai wata kwamfuta da na ɗora ma Debian, wani nau'in Linux, ita ke riƙe da firinta da fayilolin sauran duka, kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba. To wani abokina ya zo ya gani ya ce mani wai na ɗauko ma kaina wahala, wai Debian ta lalace tun da ta koma systemd, in goge in sa Devuan. Ni wallahi ban ma san mi ake nufi da init ɗin nan da yake ta faɗa ba balle in san wanda ya fi. Don Allah in goge ko in bari? Daga ɗan'uwanka mai shago, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Kada ka goge komai. Amma kuma kada ka ɗauka abokin naka shirme yake yi, rigimar da ya ɗauko maka tsohuwa ce kuma ta raba manyan mutanen da suka gina Linux da hannunsu.

In ka danna maɓallin kunna kwamfuta, bayan kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ya tashi akwai manhaja guda ɗaya da yake fara kira, ita ake ba lamba 1, ita ce init, shi systemd ɗin ma nau'in init ne. Ɗauke ta kamar yaron shagonka da ke riga kowa zuwa da safe, shi zai buɗe ƙofa ya tada janareta ya kunna firinta ya haɗa intanet, da dare kuma shi zai kashe komai bi da bi ya kulle. In shi ya faɗi to shagon gaba ɗaya ya tsaya. Kana iya ganin naka, buɗe taminal ka rubuta ps -p 1 -o comm= zai nuna maka sunansa.

Shekara da shekaru wanda ake amfani da shi sysvinit ne, salon da aka gada daga Unix System V na kamfanin AT&T. A asalin tsarinsa ɗaya bayan ɗaya yake tada abubuwa, kowane aiki da rubutaccen umarninsa a cikin /etc/init.d, wani ya kai layi ɗari, in ɗaya ya maƙale yana jiran netwok sai na bayansa su yi ta jira, in kuma wani aiki ya mutu da tsakar rana babu ruwan init, sai kai ka lura ka sake tada shi. Kyawunsa shi ne komai a fili yake, ka buɗe fayil ka karanta ka gyara. Ubuntu, wani nau'in Linux, ta gaji da wannan ta kawo sabon init mai suna Upstart a 2006, sai a 2010 Lennart Poettering na kamfanin Red Hat da Kay Sievers na kamfanin Novell a lokacin suka fito da systemd, wanda ke tada ayyuka da yawa lokaci guda, yana bin diddigin kowanne, in ka umarce shi ma ya sake tada wanda ya mutu da kansa, kuma fayil ɗin da za ka rubuta mashi sau da yawa bai wuce layi goma ba. Cikin nau'o'in Linux, Fedora ta karɓa a 2011, Arch a 2012.

Da abin ya zo Debian ne aka yi ta ta ƙare. Kwamitin fasaha nasu mai mutum takwas ya kaɗa ƙuri'a a watan Fabrairun 2014, aka yi kunnen doki, huɗu na son systemd huɗu na son Upstart, shugaban kwamitin Bdale Garbee ya raba gardama ya zaɓi systemd. Nan da nan Mark Shuttleworth, wanda ya kafa Ubuntu, ya ce Ubuntu ma za ta bi, duk da cewa Upstart nasu ne. Amma wutar ba ta mutu ba, kafin shekarar ta ƙare Joey Hess, wanda ya daɗe yana yi wa Debian hidima, ya bar ta gaba ɗaya, Ian Jackson da Russ Allbery suka sauka daga kwamitin, a watan Nuwamba kuma wasu suka ɓalle suka kafa Devuan ɗin da abokinka ke magana, wato Debian ce amma ba systemd, fitowarta ta farko cikakkiya sai a 2017. Ita kuwa Debian 8 ta fito da systemd a Afrilun 2015.

To me masu ƙin nan ke cewa? Abu na farko wai ya cika cin filin wasu, an kira shi ya tada kwamfuta sai ga shi yana riƙe da rahoton abin da ke faruwa, da shigar masu amfani, da agogo, har da netwok in ka bar shi, alhali tarbiyyar Unix ita ce kowace manhaja ta yi abu ɗaya ta yi shi da kyau. Na biyu kuma, wanda ni a wurina shi ne mai nauyi, sauran manhajoji sun fara dogara da shi, misali allon aiki na GNOME ya jingina da wani ɓangarensa mai suna logind, mai kula da shigar masu amfani, sai ya zama ko ba ka so an ja ka ciki, har sai da wasu suka ciro logind ɗin daban suka kira shi elogind don masu wani init su samu su yi amfani da shi. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ina jin zafinsa, domin abin da ya kawo da yawanmu Linux shi ne 'yancin zaɓi. A Maris ɗin 2024 ma da Andres Freund ya gano ƙofar ɓoye da aka dasa a cikin xz, manhajar matse fayiloli, hanyar da ta bi ta kai ga sshd, mai ba da damar shiga kwamfuta daga nesa, ita ce ta libsystemd, wani ɓangaren systemd da wasu rabe-raben Linux suka haɗa da sshd, masu adawa suka ce kun gani ko, duk da dai ba systemd ne ya dasa ta ba.

Duk da haka kai mai shago ne, abin da kake buƙata firinta ta tashi in wuta ta dawo, kuma in abu ya lalace ka samu amsa da wuri ba tare da ka ƙona data ba. Debian, Ubuntu, Mint, Fedora duk systemd ne, kusan duk bayanin da za ka samu a intanet yau systemctl, umarnin sarrafa systemd, zai ce ka rubuta, in kuma yaran da kake koya wa suka je neman aikin kula da saba shi za su tarar. Koyi guda uku kawai: systemctl status cups don ka ga lafiyar firinta, systemctl restart cups in ta yi gardama, journalctl -b don ka ga abin da ya faru tun tashin kwamfutar. Abu ɗaya da ya shafe mu nan, rahoton systemd ba rubutu ne zalla ba, in aka ɗauke wuta kwatsam fayil ɗin kan iya samun tangarɗa, don haka ɗora rsyslog kusa da shi ka riƙa samun rahoto na rubutu a /var/log/syslog wanda kowace manhaja za ta buɗe. Ita kanta Debian a ƙuri'ar da ta sake yi a Disambar 2019 ta tsaya kan systemd amma ta bar ƙofa ga masu gwada wasu. Abokinka in yana son Devuan ya sa a tasa, tana aiki lafiya lau, kai ma kana iya gwada ta a filash ranar da ba kasuwa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce a Katsina, laftof ɗina tsohuwa ce mai ram 2GB, na sa Ubuntu amma kafin ta tashi har na gaji, an ce mani systemd ne ke jawo haka.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Da wuya ya zama shi ne, ram 2GB ya yi wa Ubuntu ta yanzu kaɗan sosai, ga kuma tsohon hadis mai juyawa in shi ke ciki. Rubuta systemd-analyze blame ki ga abin da ke cinye lokacin, sau da yawa mai jiran netwok ne ke zama a sama. In kina da hali ki sa SSD, wato hadis marar juyawa mai sauri, ko ƙarami ne za ki ga bambanci nan take. In babu hali ki gwada antiX, don tsofaffin kwamfutoci aka yi ta, daga Debian aka samo ta kuma ba ta amfani da systemd, amma sauƙinta ya fi zuwa ne daga ƙaramin allon aikin da take amfani da shi. Ki kwashe fayilolin karatunki a filash kafin ki taɓa komai.